Masallacin Haɓe na Bebeji da Hanyar da Ta Raya Shi

A jerin wuraren tarihi 65 da gwamnatin Najeriya ta daɗe da ɗauka a matsayin dukiyar ƙasa, akwai waɗanda ko ɗan firamare ya san su: ganuwar Kano da ƙofofinta, Gidan Makama, hasumiyar Gobarau ta Katsina, zanen duwatsun Birnin Kudu. Akwai kuma masallatai biyu na karkara da ba kasafai ake jin labarinsu ba, ɗaya a Maigana ta ƙasar Zazzau, ɗaya a Bebeji ta kudancin Kano. Suna ɗaya aka rubuta musu a rajista, wato Masallacin Haɓe. Haɓe shi ne sunan da Fulani ke kiran waɗanda ba Fulani ba, a littattafan tarihinmu kuma ya zama laƙabin sarakunan Hausa da suka yi mulki kafin jihadi. Ke nan sunan da kansa shaida ne cewa ana salla a masallacin Bebeji tun kafin 1807, shekarar da mulkin Haɓe ya faɗi a Kano.

Wanda ya tashi a gidan ƙasa ya san nauyin wannan magana. Katangar da aka bari damina uku ba yaɓe, ta huɗu sai dai a kwashe ƙasarta a kai gona. To ina ga ginin da, lokacin da ma'aikatan adana kayan tarihi suka sa shi a rajista a shekarun 1960, ya riga ya sha damina fiye da 150? Ƙasar da aka gina shi da ita irin wadda aka gina gidajen maƙwabtansa ce, su kuwa gidajen an sha rushe su ana sāke su. Abin da ya riƙe masallacin mutane ne da ba su taɓa tsallake masa shekara ba: a gama kaka, a kwaɓa ƙasa, a hau rufi a toshe inda ya tsage. Saboda haka ba a iya ba da tarihinsa ba tare da na garin ba, shi ma garin ba a iya ba da nasa ba tare da na hanyar fatake da ta ratsa shi ba.

Littafin tarihin sarakunan Kano ya ce a zamanin Sarki Yaji (1349–1385) Wangarawa suka zo daga Mali, shugabansu Abdurrahman Zaite, suka kira sarki zuwa ga salla. Aka gina masallaci a gindin itaciyar da mutanen birni ke yi wa tsafi, sarki ya umarci kowane gari a ƙasar Kano ya kiyaye lokutan salla. Bayan shekara ɗari sai ga Muhammadu Rumfa (1463–1499), wanda ya kafa Kasuwar Kurmi da gidan sarautar da har yau ake kira da sunansa. A zamaninsa ne Shehu Maghili ya sauka a Kano, wajen 1492, aka sare itaciyar, aka tsayar da masallacin Juma'a.

Sai dai umarnin sarki a birni ba ya kafa ginshiƙi a ƙauye. Waɗanda suka kai salla karkara su ne fatake da malaman da ke bin su. Littafin nan ya ce Sarki Abdullahi Burja (1438–1452) ne ya buɗe hanyoyi daga Barno zuwa Gwanja, kuma a zamanin Yakubu (1452–1463) Fulani suka zo da littattafan tauhidi da na lugga, gishirin Asbin ya wadata, fataken Gwanja suka fara zuwa ƙasar Hausa. Ayarin Bahaushe kuwa ba ya tashi sai da manyansa: madugu, jagaba, uban dawaki, da malamin ayari, wanda shi ke ja salla, ya rubuta lissafi, ya duba ranar tashi. Duk inda ayari ya saba yada zango, wurin sallar da aka fara kewayewa da duwatsu yakan koma rumfa, rumfa ta koma soro. Bebeji tana kan hanyar Kano zuwa Zazzau, tafiyar kamar kwana biyu daga birni ga jaki mai kaya. Mai zuwa kudu yana sauka a nan ya gyara mangala, mai dawowa a nan yake wanke ƙura kafin ya shiga Kurmi.

Masallacin Juma'a kuma ba na kowane ƙauye ba ne. A mazhabar Malikiyya, wadda ita kakanninmu suka bi, Juma'a tana buƙatar gari mai mazauna na dindindin, da masallaci ginanne, da aƙalla maza 12 bayan liman waɗanda za su tsaya daga huɗuba har sallama. Bisa al'ada kuma sai da yardar sarki. Samun babban masallaci a gari alama ce cewa garin ya kai gari, yana da sarkinsa da limaminsa da kasuwarsa. Shi ya sa a garuruwan Hausa za ka tarar da shi daf da ƙofar fada, a bakin dandali, inda mai fitowa daga gidan sarki da mai tahowa daga kasuwa ke haɗuwa.

Yanzu ga yadda ake ɗaga irin wannan gini, don a nan ne gwanintar take, kuma ita ce aka fi mantawa.

Aikin na rani ne. Idan an gama shigar da amfanin gona, sai a je kududdufi a haƙo jar ƙasa mai danƙo, a zuba ruwa, a watsa ciyawa, matasa su shiga da ƙafa su yi ta takawa. A bar ta ta kwana biyu ta ruɓa, a sāke jiƙawa, a sāke takawa. Daga nan ake murza tubali da hannu, mai faɗin gindi da tsinin kai, a jera a rana har ya bushe ƙarau. Magini yana zaune a kan katanga kamar mai hawan doki, yaransa na ƙasa. Ya ce "Jefo!", a cilla masa tubali ya cafe, ya dasa shi gindi ƙasa kai sama, a cilla masa curin kwaɓaɓɓiyar ƙasa ya maka a tsakani ya shafe da tafin hannu. Babu igiyar awo, babu ma'aunin ruwa. Idonsa ne ma'auni. A gindi katangar takan ci layin tubali da yawa, tana hawa ana rage layi, har ta kai sama siririya. Wannan ne ya ba tsofaffin gine-ginenmu wannan tsayuwa tasu mai ɗan jingina ciki, wadda ke sa nauyi ya sauka a kan tushe.

Matsalar magini ta gaske rufi ce. Itacen da ya dogara da shi azara ce, wadda ake tsagowa daga kututturen giginya, musamman namijinta, domin gara ba ta cin ta kuma takan yi shekaru aru-aru ba ta ruɓe ba. Amma azara tana da iyaka. Idan aka ɗora mata nauyin ƙasar rufi, ba ta iya tsallake fiye da kimanin mita biyu ba tare da ta lanƙwashe ba. Ɗakin kwana wannan ya ishe shi. Masallacin da zai ɗauki maza ɗaruruwa fa? Tsohuwar amsa ita ce ginshiƙai. A jera su layi-layi, masu kauri, a fito da tauyi a kan kowanne, wato guntayen azara da ake ɗorawa suna leƙowa kaɗan-kaɗan don su rage tazarar da ke tsakani, sannan a shimfiɗa dogayen azara a kai. A bisansu a jera wasu a gicciye, ko a karkace kamar saƙar tabarma, a rufe da zana ko asabari, a zuba ƙasa, a daddaɓe. Wanda ya shiga tsohon masallacin ƙasa da azahar ya san abin da wannan tsari ke haifarwa. Daga hasken da ke kashe ido sai ka faɗa duhu mai sanyi, ka tsaya jim kaɗan kafin ginshiƙan su fara fitowa ɗaya bayan ɗaya, ƙafarka na nutsewa cikin yashin da aka shimfiɗa, haske na shigowa siriri ta ƙananan tagogi can sama. Kaurin bango yana riƙe zafin rana har dare, sannan ya sake shi lokacin da gari ya yi sanyi. Jikin ginshiƙan kuwa ya yi santsi daidai kafaɗa, inda tsofaffi ke jingina suna jan carbi tsakanin magariba da lisha.

Ginshiƙan ba su hana salla ba, domin tazarar da ke tsakanin layi da layi kusan ita ce ta sahu. Nan ma akwai abin lura. Coci-cocin ƙauyukan Turai na tsakiyar zamani, irin waɗanda aka gina da dutse a Ingila da Faransa tsakanin ƙarni na 12 da na 15, su ma gabas suke fuskanta, amma dogaye ne, jama'a na jere a bayan juna ido na kan bagade. Masallaci ya fi son faɗi, saboda falalar sahun farko: gwargwadon tsawon bangon alƙibla, gwargwadon yawan waɗanda za su same ta. A tsakiyar wannan bango ake fitar da mihrabi, ɗan lungun da liman ke tsayawa, wanda daga waje za ka gan shi ya turo kamar ƙusumbi. Doguwar hasumiya irin ta Gobarau ko ta Agadas ba ita ce al'adar masallatan karkara ba. Abin da aka saba shi ne matakala ta ƙasa a jikin bango, ladan ya hau rufi ya sa yatsa a kunne.

Ga kuma wani abu da kowane tsohon magini zai gaya maka. A ƙasar Hausa hadari daga gabas yake tasowa, iskarsa na jifan ruwa a karkace. Bangon da ya fi kowanne shan dukan ruwa shi ne na gabas, kuma a masallaci shi ne bangon alƙibla. A kudancin Kano abin ya fi tsanani, don ruwan da ke sauka wajen Tudun Wada da Doguwa ya fi na arewacin jihar, yakan wuce milimita 1,000 a shekara. Saboda haka dabarun tsare gini daga ruwa suka zama rabin sana'ar. A kewaye rufi da rawani, a soke shi da indararo masu tsawo don su cilla ruwa nesa da gindin bango. A shafe bango da makuba, ruwan da ake samu daga ɓawon ɗorawa, wanda ke sa yaɓe ya yi duhu ya ƙi shan ruwa. Rufi kuwa da wuraren da suka fi haɗari a yi musu laso, sumuntin Bahaushe, wanda ake haɗawa da katsi daga karofin marina, da gashin awaki daga majema, da ruwan dafara mai yauƙi. Duba yadda sana'o'i suka riƙe juna: marini, majemi, mai tsagar giginya, mai saƙar zana, maƙerin da ya ƙera ƙusoshin ƙyaure, kowa da hannunsa a masallaci ko da bai taɓa ɗaga tubali ba.

Wannan gini ne jihadi ya tarar. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya yi hijira zuwa Gudu a 1804, kuma kudu maso yammacin Kano na cikin wuraren da kiran ya fara kama wuta. Sulluɓawan yankin Kiru suna ƙarƙashin Malam Jamo, yayan Ibrahim Dabo. Jama'ar Kano suka yi tasu hijirar zuwa Kwazazzabon 'Yar Kwando, daga nan yaƙi ya bazu. Bayan karon Ɗan Yaya, Sarki Muhammadu Alwali (1781–1807) ya bar birni. Ƙarshen gudunsa Burum-Burum ne, a ƙasar Tudun Wada ta yau, inda dakarun jihadi suka kewaye shi aka kashe shi a 1807. Wato labulen mulkin Haɓe a nan kudu aka ja shi, ba nisa da masallacin da ya gaji sunansu. Sulaimanu ya hau gadon Kano, bayansa Ibrahim Dabo (1819–1846), wanda zuriyarsa ke sarauta har yau.

Sarauta ta sāke hannu, masallaci ya ci gaba da karɓar salla biyar. Wannan ya kamata ya tsayar da duk mai cewa ƙasar Hausa duhu ce zalla kafin 1804. Rigimar masu jihadi da sarakuna ce da abin da suka gani na zalunci da gauraya addini da al'ada. Jama'ar da suka ɗaga masallacin Juma'a a gari irin Bebeji, suka riƙa yi masa yaɓe shekara da shekaru, ba a ranar suka koyi alwala ba.

Shehu da kansa, a littafinsa Ihya'us Sunna, ya ware babi a kan masallatai, kuma ra'ayinsa ya karkata ga sauƙi da gudun ƙawa. Amma sai ga shi masallacin ƙasa mafi ƙayatarwa a ƙasar Hausa bayan jihadi aka gina shi: na Juma'a na Zariya, a shekarun 1830, zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarimu, aikin Babban Gwani Muhammadu Durugu. Shi ya kai dabarar bakan gizo da ɗaurin guga ƙololuwa. Maimakon a tsaya ga tazarar azara ɗaya, sai a riƙa dasa azara a jikin ginshiƙi tana leƙowa, a ɗaure wata a kanta ta ƙara leƙowa, ana lulluɓewa da ƙasa, har ƙafa biyu daga ɓangare biyu su haɗu a sama su zama baka. Bakuna su gicci juna, a ɗora tulluwa a kai. Da haka aka sami fili mai faɗin mita da yawa ba ginshiƙi a tsakiya. Duk wanda ke son ya fahimci abin da Babban Gwani ya yi, dole ya san abin da ya tarar, kuma a nan darajar masallatan Haɓe take. Su ne tsanin da aka taka. Na birane an rushe su ko an sāke su saboda yawan jama'a da yawan kuɗi, na karkara ne suka tsira da tsohon fasali.

A Yulin 1826 Baturen nan Hugh Clapperton ya biyo ta Bebeji daga Zariya zuwa Kano, a tafiyarsa ta biyu, wadda a cikinta ya mutu a Sakkwato a 1827. Ya tarar da gari mai ganuwa a tsakiyar fili mai noma, ya ƙiyasta mutanensa tsakanin 20,000 da 25,000, ya ce kasuwanci ne abin yinsu. Ko da an rage wa ƙiyasin baƙo wani abu, wannan babban gari ne a ma'aunin wancan zamani. Cikin wannan ƙarni Agalawa masu fataucin goro suka yi ƙarfi a wannan yanki, suna kai baƙin rini na ƙasar Kano da kanwa da fata Gwanja, su dawo da huhunan goro bayan watanni. A cikin irin wannan gida aka haifi Alhassan Ɗantata a Bebeji a 1877, wanda kafin rasuwarsa a 1955 ya zama attajirin da ba kamarsa a Afirka ta Yamma. Ribar goro ita ke sayen azara, ita ke biyan gwani, ita ke ciyar da masu gayyar yaɓe. Falken da ya dawo lafiya daga tafiyar da wasu ba su dawo ba, masallacin garinsu yake fara tunawa.

Ba zaman lafiya aka yi ta yi ba. A rabin ƙarni na 19 na biyu Ningawa sun addabi kudancin Kano da hare-hare, suna kwasar mutane da dabbobi daga ƙasashen Rano da Tudun Wada, Sarki Abdullahi Maje Karofi (1855–1883) ya sha fita yaƙi da su. Sai yaƙin basasa na 1893 zuwa 1895 tsakanin Tukurawa da Yusufawa. Sannan babbar ranar. A 29 ga Janairu 1903 Kanar Morland ya taso daga Zariya da sojoji sama da 700 da manyan bindigogi, ya nufi Kano, Sarkin Kano Alu kuwa yana hanyar Sakkwato. Bebeji ce gari na farko da ya rufe musu ƙofa. Kyaftin Abadie, wanda Zazzagawa ke kira Mai Jimina, ya yi magana da mutanen garin su buɗe, suka ƙi. A 1 ga Fabrairu aka harba igwa a kan ƙofar, harsashin ya fasa ta, ya kashe sarkin garin da wasu manyansa da ke tsaye a bayanta. Garuruwan da ke gaba suka ji labari, ba wanda ya sāke tsayawa, a 3 ga Fabrairu birnin Kano ya faɗi. Jinin farko da aka zubar don kare ƙasar Kano daga Nasara a ƙofar Bebeji aka zubar da shi, kuma ban ga an ba wannan rana haƙƙinta a abin da muke koya wa yaranmu ba.

Abin da igwa ba ta yi ba jirgin ƙasa ya yi. Dogo ya iso Kano a 1911, goro ya koma zuwa ta Ikko, ayarin jakuna ya ja baya, 'ya'yan fatake suka koma birni sayen gyaɗa. Garuruwan zango suka yi sanyi. Wani abin mamaki shi ne wannan sanyin na cikin abin da ya tsare tsohon gini. Inda kuɗi ya yi yawa, can aka fi rushewa. A birnin Kano, zamanin Sarki Abdullahi Bayero (1926–1953), aka sauke tsohon masallacin Juma'a na ƙasa, wanda tushensa ke komawa ga Rumfa da Sarki Muhammadu Zaki, aka gina na sumunti mai koren tulluwa da muke gani yau. A Zariya, a shekarun 1970, aka lulluɓe aikin Babban Gwani da sabon gini na kankare, aka kawar da zaurukan da ke kewaye da shi.

Ba na ɗora wa waɗanda suka yi haka laifin rashin kishi. Jama'a ta ƙaru, masallaci ya yi kaɗan, kuma mutumin da ke hawa rufi da kwando duk shekara yana da hujja idan ya yi marmarin kwano. Amma mun biya farashi mai tsada. Dokar kare kayan tarihi ta 1953, da hukumar da ta biyo bayanta, wadda dokar soja mai lamba 77 ta 1979 ta mayar Hukumar Gidajen Tarihi da Wuraren Tarihi ta Ƙasa, sun ceci sunayen wasu gine-gine. Masanin gini ɗan ƙasar Folan, Dmochowski, ya shafe shekaru yana auna gine-ginen gargajiya na Najeriya, daga aikinsa aka gina kwaikwayon masallacin Zariya a gidan tarihi na Jos. Sai dai doka tana hana rushewa ne kawai, ba ta kwaɓa ƙasa. Wani lokaci ma sa gini a rajista yakan sa mutanen gari su ɗauke hannu, su ce ai ya zama na gwamnati, gwamnati kuma tana Abuja.

Akwai kuskure guda da ya kashe gine-ginen ƙasa fiye da ruwan sama, shi ne shafa musu sumunti da niyyar taimako. Bangon ƙasa yana shan danshi ya fitar. Idan aka rufe shi da sumunti, ruwan da ya shiga ta tsaga ba shi da mafita, sai ya zauna yana cin bangon daga ciki, waje kuwa sumul, har ranar da zai zube gaba ɗaya. A 11 ga Agusta 2023, ana sallar la'asar, wani sashe na tsohon masallacin Zariya ya rufto a kan masallata, aka rasa rayuka, Allah Ya jiƙansu. Tun daga ranar maganar tsofaffin masallatan ƙasa ta wuce ta sha'awar masu tarihi. Ginin da ake sujada a ƙarƙashinsa dole a duba azararsa, a duba gindin bangonsa, kowace shekara kafin ruwa ya sauka.

Kayan aikin ma suna ƙarewa. Karofin da suka cika garuruwan Kano, irin su Kura da maƙwabtanta, yawancinsu sun mutu, katsi ya zama abin nema, laso kuma ba ya yiwuwa sai da shi. Giginya tana shekaru da dama kafin ta isa tsaga, ana sare ta ba a dasawa. Ɗorawa ta ragu a gonaki. Tun da aka kammala madatsar ruwa ta Tiga a 1974, zamanin Gwamna Audu Baƙo, noman rani ya samu a yankin, alheri ne babba, amma watannin da a da matasa ke da sararin gayya yanzu suna fadama. Ɗan magini kuma yana ganin mai ɗora bulo ya fi ubansa samu, don haka shi ma can ya nufa.

Duk da haka sana'ar ba ta mutu ba, kuma akwai inda za a duba. A Jenne ta ƙasar Mali, masallacin da aka sāke ginawa a 1907 gari guda ke fitowa yi masa yaɓe a rana ɗaya duk shekara, an mai da aikin biki, unguwanni na gasa. Misalin da ya fi kusa da mu kuwa na Hausawa ne, a ƙauyen Yama na jihar Tawa a Nijar. A 1962 dattawan garin suka sa wani manomi magini, Falke Barmu, ya gina musu masallacin Juma'a na ƙasa. Ya fara da rufi a kan ginshiƙai, irin tsohon fasalin nan. A 1975 ya sāke rufin da bakan gizo da tulluwa, daga 1978 zuwa 1982 ya ɗaga hasumiyoyi huɗu a kusurwoyi. Mai ƙarfi ya kawo tubali, mata suka kawo ruwa. A 1986 ginin ya ci kyautar Aga Khan ta fasahar gini, wadda manyan masana na duniya ke nema.

Abin da Bebeji da Kiru da Tudun Wada da Doguwa ke buƙata bai fi ƙarfinsu ba. Akwai jami'o'i a Kano da Wudil da Zariya masu sashen nazarin gini, ɗalibansu za su iya auna kowane tsohon masallacin ƙasa da ya rage a waɗannan ƙananan hukumomi huɗu, daga Kofa da Rahama har Riruwai, su zana shi, su zauna da limamai da dattawa su rubuta jerin waɗanda suka ja salla a cikinsa. Idan jama'a ta yi wa tsohon masallaci yawa, a gina sabo a gefensa, a bar tsohon ana salloli biyar da karatun allo. A ware wa Sarkin Magina da yaransa wani abu daga asusun masallaci kowace kaka, kamar yadda ake ware na mai da lasifika, a kuma sa sharaɗin kada buhun sumunti ya taɓa bango. Giginyar da za a yi azarar gyara da ita nan da shekara 40 kuwa, akwai filin dasa ta a bakin kogin Kano da gefen dajin Falgore.